Gwajin shiga ƙungiyar ninkaya ta yara: abin da ake dubawa, da yadda za ka gane kocin kirki

Yaron da ya iya ruwa daban, yaron da ya shirya shiga ƙungiyar gasa daban. Wanda ya tashi a bakin kogi, irin yaran Argungu ko Yawuri, zai iya haye ruwan da babba zai ji tsoronsa, amma yawanci kansa a sama yake, ƙafafunsa na lilo a ƙasa, ƙarfi kawai yake sawa. A kwamin gasa wannan salon ba ya kai yaro ko'ina. Shi ma wanda ya koya a kwamin otal da robar hannu yana da nasa giɓin. Gwajin shiga ƙungiya an yi shi ne don a ga inda kowane yaro ya tsaya, a sa shi rukunin da ya dace da shi. Abin da iyaye da yawa ke mantawa shi ne, ranar gwaji kai ma gwaji ka je yi. Koci na duban yaronka, kai kuma kana duban koci, kuma naka duban ya fi nauyi, domin yaro mai shekara bakwai duk abin da aka dasa masa a jiki da shi zai girma.

Shekara nawa ake farawa

Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce yawancin yara sun isa koyon iyo sosai daga shekara 4, kuma zuwa shekara 5 ko 6 da yawansu kan iya iyon rub-da-ciki yadda ya kamata. Ƙungiyoyin gasa kan fara ɗauka daga shekara 6 ko 7. Rukunan da aka saba da su su ne 'yan 8 zuwa ƙasa, 9 da 10, 11 da 12, sai 13 da 14. Amma kada ka tsaya kan shekaru kaɗai. Yaro ya shirya idan zai iya nutsa fuskarsa ya fitar da numfashi cikin ruwa ba tare da firgita ba, ya kwanta rigingine a kan ruwa na daƙiƙa 20 zuwa 30, ya tsaya a wuri mai zurfi yana taka ruwa na minti ɗaya, ya kuma rabu da kai na minti 45 yana sauraron wani babba. Wannan na ƙarshen shi ya fi kayar da 'yan shekara 5. Jikinsu ya iya, hankalinsu na kan mama da ke zaune a inuwa.

Tsoron ruwa a farko ba ya nuna komai game da gaba. Michael Phelps, mai lambar zinare 23 a gasar Olamfik, ya fara ninkaya yana da shekara 7 yana ƙin sa fuskarsa a ruwa, har sai da aka fara masa da rigingine.

Abin da za a sa yaro ya yi

Gwaji ba ya daɗewa, minti 10 zuwa 20 ne ga kowane rukuni. Salo huɗu ake gasa da su: rub-da-ciki wanda ake kira firistayil, rigingine, iyon kwaɗo, da batafulai, wanda hannaye biyu ke fitowa tare ta saman ruwa. 'Yan 8 zuwa ƙasa galibi ana neman su yi mita 25 na rub-da-ciki suna shaƙar iska ta gefe, da mita 25 na rigingine, ba tsayawa, ba kama igiya, ba taka ƙasa. 'Yan 9 da 10 ana ƙara musu zuwa mita 50 na waɗannan biyun, a kuma ce su gwada mita 25 na kwaɗo da na batafulai ko da bai yi kyau ba. Daga 11 zuwa sama ana sa ran salo huɗun duka ba tare da karya doka ba, da mita 200 na rub-da-ciki a jere, da haɗaka ta mita 100 a tsarinta: batafulai, rigingine, kwaɗo, rub-da-ciki. Wasu ƙungiyoyin kan ƙara da juyin alkafura a bango.

Ka tambayi tsawon kwamin tun kafin ranar. Na Olamfik mita 50 ne, gajeren na gasa mita 25, a Amurka kuma akasari yadi 25 ne, wato kusan mita 23. Kwamin otal da yawancin yaranmu ke koyo a ciki sau da yawa bai kai mita 20 ba, wani ma a lanƙwashe yake kamar ƙoda. Yaron da ya saba taɓa bango bayan mita 15, idan aka jefa shi kwami mai mita 50, a tsakiya zai ɗaga kai ya ga bango ya yi nisa, ƙasa ta yi zurfi, sai ya rikice ya ƙware da ruwa. Maganinsa a kai shi kwamin da za a yi gwajin sau biyu ko uku kafin ranar, ko a saba masa da yin tsawon ƙaramin kwamin sau biyu ba hutu.

Ga ƙananan yara koci mai hankali ba ya damuwa da agogo. Abin da idonsa ke bi shi ne kwanciyar jiki: shin ƙugu na kusa da saman ruwa ko ya nutse? Sai numfashi, sai bugun ƙafa, sai kuma ko yaro na jin magana. Wani kocin da gangan zai yi wa yaro gyara ɗaya, misali ya ce masa ya dubi ƙasan kwami maimakon gaba, ya ce ya sake. Yaron da ya gwada gyaran nan take ya fi mai gudun da ya maimaita kuskurensa samun shiga.

Kurakuran da ke kayar da yara, da dalilinsu

Ɗaga kai gaba don shaƙar iska shi ne uban kurakurai. Jiki a ruwa kamar sikeli yake: kai ya hau, ƙugu da ƙafa su sauka, yaro ya koma yana jan jikinsa a karkace. Gyaransa a koya masa juya kai gefe, kunne ɗaya da ido ɗaya na cikin ruwa, kumatu kusa da kafaɗar hannun da ke miƙe. A fara da riƙe bango, sannan da allon soso da ake riƙewa a gaba don ya taso da jiki, sannan a saki.

Na biyu riƙe numfashi. Yaro ya cika huhu, ya nutsa fuska, ya ƙi saki, sai ya juya kai yana son ya fitar ya kuma shaƙa a cikin rabin daƙiƙa. Ba ya yiwuwa. Gurɓatacciyar iska ta taru a jiki, bayan mita 12 ko 15 yana haki kamar wanda ya yi tseren mil guda. Iyaye su ce yaro ba shi da ƙarfi, alhali numfashi ne bai iya ba. A sa shi ya tsaya inda ruwa ya kai masa ƙirji, ya nutse yana busa kumfa ta hanci da baki, ya fito ya shaƙa sau ɗaya, ya koma, sau 10 zuwa 20 a jere a hankali. Mako biyu na wannan kan canja yaro fiye da wata biyu na zirga-zirga.

Bugun ƙafa irin na tuƙa keke, gwiwa na shigowa ciki, yana tura ruwa gaba maimakon baya. Bugu daga ƙugu yake tashi, gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan, idon sawu a sake, yatsu a miƙe. A rigingine kuwa yaro kan "zauna" cikin ruwa saboda yana leƙen ƙafafunsa. A ce masa ya kalli sama, kunnuwa biyu cikin ruwa, cibiya a sama.

Akwai kuma kurakuran doka, waɗanda a gasa ake soke sakamakon yaro dominsu ko da shi ya zo na ɗaya. A kwaɗo da batafulai dole hannaye biyu su taɓa bango lokaci guda, a juyi da kuma ƙarshe. A kwaɗo ƙafafu biyu su yi motsi iri ɗaya tare, tafin ƙafa na kallon waje. Bugun almakashi, inda ƙafa ɗaya ke sama ɗaya ƙasa, laifi ne, kuma idan ya zauna a jikin yaro cire shi aiki ne ja. A rigingine yaro ya gama yana kan bayansa, kada ya kife kafin ya taɓa. Tutocin da ake ratayawa mita 5 daga bango don ya ƙirga hannunsa ne ya san inda bango yake. A rub-da-ciki, rigingine da batafulai, kai ya fito saman ruwa kafin mita 15 bayan tashi ko juyi. Tashi kafin a ba da alama kuwa sau ɗaya ne, ba a sake ba da dama. A Olamfik na Sidni a 2000, Karim Bare na Nijar da wani ɗan Tajikistan sun faɗa ruwa kafin lokaci a tseren mita 100, aka fitar da su, Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini ya yi tseren shi kaɗai a minti 1 da daƙiƙa 52.72. Idan hakan ta faru da manya a gaban duniya, ka ga dalilin da ya sa ake koya wa yaro tsayawa cik a kan dakalin da ake tashi daga kansa tun yana ƙarami.

Ranar gwajin

Ku isa da minti 20 kafin lokaci. Yaro ya ci abu mara nauyi awa ɗaya da rabi zuwa biyu kafin nan, kamar kunu da burodi ko ayaba. Tuwo da miya a bari sai an dawo. A zo da gorar ruwan sha, domin ana gumi a cikin ruwa ko da ba a gani. Tabarau na ruwa a gwada shi tun a gida: ka danna shi a idon yaro ba tare da ɗaura igiyar ba, idan ya manne na daƙiƙa biyu ko uku ya yi daidai, idan ya faɗo ruwa zai shiga komai matse igiyar da aka yi. Kada a zo da sabo fil ranar gwaji, kuma a riƙe na biyu a jaka. Gajeren wando mai aljihu yana cika da ruwa yana jan yaro baya. A sa mai kama jiki.

Maganar suturar 'yan mata a yi ta da koci tun farko, kada a bari sai an isa bakin ruwa. A atisaye babu abin da ya hana doguwar rigar iyo mai rufe hannu da ƙafa, in dai ta yadin iyo ce mai kama jiki. Riga mai faɗi ta auduga na shan ruwa ta yi nauyi, haɗari ce. A gasa dokar hukumar ninkaya ta duniya, wadda ta sauya suna daga FINA zuwa World Aquatics a 2022, ita ce rigar mata daga kafaɗa zuwa gwiwa, amma wasu ƙasashe sun sassauta a gasanninsu na cikin gida. Ingila ta yarda da riga mai rufe jiki saboda addini tun 2017. Don haka a tambayi masu shirya kowace gasa. Mai kitso ko gashi mai yawa ta nemi babbar hular roba; irin ta kamfanin Soul Cap an amince da ita a gasa a 2022.

Ka gaya wa koci duk wata lalura kafin yaro ya shiga ruwa: asma, farfaɗiya, sikila, ciwon kunne. Ɓoye farfaɗiya don kada a ƙi ɗaukar yaro wasa da rai ne. Sannan ka koma inda aka ware wa iyaye ka yi shiru. Yaron da ke jin muryar babansa na "yi sauri, yi sauri" zai ɗaga kai ya neme shi, ya lalata abin da ake dubawa.

Yadda za ka auna koci

Nan ne gizo ke saƙa. Nemi izinin kallon atisaye guda ɗaya cikakke na rukunin da yaronka zai shiga, ba na manyan yaran da ke ciyo lambobi ba. A ƙungiyoyi da yawa babban koci na tare da manya, ƙanana an bar wa wanda bai daɗe da farawa ba, alhali su ne suka fi buƙatar gwani. Ƙungiyar da ta hana iyaye kallo gaba ɗaya, ka kama hannun ɗanka ku tafi.

Fara da tsaro. Akwai mai ceto na musamman a bakin kwami wanda ba shi ne koci ba? Mutum ɗaya ba zai gyara hannun yaro a wannan layi ya kuma lura da wanda ke nutsewa a wancan ba, kuma yaro idan ruwa zai ci shi ba ya ihu, shiru yake tafiya. Akwai sandar ceto da taya a inda hannu zai kai? Koci ya koyi farfaɗo da numfashi da danna ƙirji, yaushe ya sabunta takardarsa? Tambaya ce ta haƙƙi, wanda ya san aikinsa ba ya jin haushinta. Dubi ruwan: idan ba ka ganin ƙasan kwami a wuri mafi zurfi, kada yaro ya shiga. Kulorin, sinadarin da ake zubawa ya kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, ya kamata ya tsaya tsakanin 1 zuwa 3 a ma'auninsa, ma'aunin tsami kuma tsakanin 7.2 da 7.8, ana aunawa kullum ana rubutawa. Wari mai ƙarfi da jan ido ba alamar tsabta ba ne. Kulorin ne ya haɗu da gumi da fitsari.

Zafin ruwan gasa digiri 25 zuwa 28 ne, ƙananan yara kuma sun fi son ya ɗan ɗara haka saboda jikinsu ba ya riƙe ɗumi. Inda ba a ɗumama kwami, safiyar hunturu ba lokacin atisayen ɗan shekara 7 ba ne. Leɓe ya yi shuɗi-shuɗi, haƙora na kaɗawa, a fitar da shi a lulluɓe. Kocin kirki kan mai da atisaye rana tsaka ko ya gajarta shi daga Disamba zuwa Fabrairu. Da damina kuma, an ji tsawa kowa ya fita, ba a komawa sai minti 30 bayan ta ƙarshe.

Abu biyu idan ka gani, ka janye yaronka, ba sai ka jira na uku ba. Na farko koya wa yara tsunduma da ka a wuri mara zurfi. Hukumar ninkaya ta Amurka ta ce sai zurfin ya kai ƙafa 6, kusan mita 1.8, kafin a koyar da tashin gasa, kuma mataki-mataki ake bi: a zaune, a durƙushe, a tsaye a bakin kwami, sannan dakali. Karyewar wuya sau da yawa ba ta da gyara. Na biyu gasar kurme, wato wa zai fi daɗewa ko nisa a ƙarƙashin ruwa, musamman idan an sa yara su yi ta jan numfashi da sauri kafin su nutsa. Wannan jan numfashin yana kashe alamar da ke gaya wa jiki ya fito ya sha iska, sai yaro ya suma a ƙasan ruwa ba tare da ya ji komai ba. Gwanaye ma yana kashe su.

Sai koyarwar kanta. Ƙirga yara: a ganinmu koci ɗaya kada ya wuce yara 8 zuwa 10 a rukunin 'yan 8, layi ɗaya na mita 25 kuma kada ya wuce yara 5 ko 6, suna tashi da tazarar daƙiƙa 5 suna zagayawa ta gefe guda. Zaɓi yaro ɗaya da ba naka ba ka bi shi da ido minti 15. Sau nawa koci ya kira sunansa ya gaya masa takamaiman abu? "Tafi! Ƙara wuta!" ba koyarwa ba ce. "Aisha, hannunki na dama na tsallake tsakiya, sa shi daidai kafaɗa," ita ce koyarwa. Kocin yara yakan durƙusa ya yi magana daidai idonsu, bayaninsa bai wuce daƙiƙa 20 ba, gyara ɗaya a lokaci guda, ya nuna da jikinsa, ya bi su a bakin kwami yana kallo. Wanda ya rubuta "mita 400" ya zauna kan kujera yana latsa waya, kuɗinka kawai yake ci.

Yawan atisaye ma yana nuna tunanin koci. 'Yan 6 zuwa 8, sau 2 ko 3 a mako na minti 45 ya isa, mafi yawansa gajerun mita 25 ne na gyaran salo, bugun ƙafa, miƙewa kamar kibiya daga bango, da ɗan wasa a ƙarshe. 'Yan 9 da 10, sau 3 ko 4 na awa ɗaya. 'Yan 11 da 12, sau 4 ko 5 na awa ɗaya da kwata zuwa da rabi. Wanda ke sa ɗan shekara 8 atisaye kullum da dogon zango zai ciyo lambobi bana, domin a wannan shekarun yawan aiki na saurin nunawa, amma yana dasa mummunan salo cikin gajiya, ga ciwon kafaɗa, ga gundura. Haka nan faifan da ake ɗaurawa a tafin hannu don ƙara nauyin jan ruwa, da ɗaga ƙarfe, ba na ƙanana ba ne. Kuma kada koci ya ce maka ɗanka "ɗan kwaɗo ne" ya tsayar da shi kan salo ɗaya yana ɗan shekara 9; jiki na canjawa a balaga, salo huɗun duka ake koya. Mai cin tsere a shekara 10 sau da yawa wanda ya riga sa'o'insa girma ne, ko wanda ya girme su da wata goma a rukuni ɗaya, shi ya sa ake neman takardar haihuwa ta gaskiya. Ko rigar gasa mai tsada ba ta da amfani a nan. Hukumar ninkaya ta Amurka ta hana 'yan 12 zuwa ƙasa sa ta a yawancin gasanni tun 2020.

Maganar amana ba a jin kunyarta. Ƙa'idar da ƙungiyoyin kirki ke bi ita ce babba ba ya keɓewa da yaro inda wani ba zai gan su ko ya katse su ba. Koci ba ya shiga ɗakin canja kaya shi kaɗai da yara, ba ya aika wa yaro saƙo a waya ba tare da iyaye a ciki ba, ba ya ɗaukar yaro ɗaya a motarsa, ba ya yi masa tausa. Idan akwai 'yan mata, a samu mace babba a wurin. Duka, zagi, horo da ƙarin zango, ko yi wa yarinya maganar ƙiba a gaban sa'o'inta, duk dalilai ne na barin ƙungiya.

Bayan sakamako

Idan an ɗauki yaro a rukunin da ke ƙasa da wanda ka so, ka bar shi. Na gaba a layin da ya dace yana koyo. Na ƙarshe a layin da ya fi ƙarfinsa yana fama ne kawai kada a taɓa masa ƙafa, salonsa na wargajewa. Idan ba a ɗauke shi ba, ka tambayi koci abubuwa biyu da ya rasa da ranar gwaji na gaba. Yawanci numfashin gefe ne da juriyar mita 25, kuma darasi sau biyu a mako na wata 2 zuwa 3 kan rufe wannan giɓin. Kada a ce za a rage kuɗi a kai shi kududdufi ko dam ya ƙara ƙwarewa: ban da haɗarin nutsewa, ruwan da ke da dodon koɗi shi ke kawo tsargiya.

Kafin ka biya kuɗin zangon horo, a rubuta maka abin da ya ƙunsa: kuɗin shiga kwami, rajistar gasa, kayan ƙungiya, tafiye-tafiye. Ka tambaya ko ƙungiyar na da rajista da hukumar ninkaya ta jiha ko ta ƙasa, domin ta nan ake bi zuwa manyan gasanni, kamar gasar wasannin matasa ta Najeriya da Ilori ta sha karɓar baƙuncinta kafin Asaba ta karɓa a 2023. In da hali ka biya na wata ɗaya tukuna. Ka ɗauki bidiyon yaronka yana mita 25 a makon farko, daga gefe, wayar a daidai saman ruwa, ka sake ɗauka bayan mako 8 daga wuri ɗaya. Ka ƙirga yawan jan hannun da ya yi kafin ya kai bango a duka biyun, ka dubi inda ƙugunsa yake. Idan jan hannu ya ragu, misali daga 30 zuwa 25, ƙugu ya hau, ana koya masa. Idan adadin na nan ko ya ƙaru, sai dai yaron na dawowa gida a gajiye, ka je ka zauna da koci da bidiyon biyu a hannunka.